Kafaɗar da ba a motsa ba: yaran da jijiya ko ƙwaƙwalwa ta riƙe wa hannu

A ranar 27 ga Janairun 1859, a fadar masarautar Furushiya da ke Balin, wata gimbiya 'yar shekara 18 ta sha baƙar wahala wajen haihuwar ɗanta na fari. Jaririn ya zo ta baya, likitoci suka yi ta fama kafin su zaro shi, ya fito kamar ba rai. Da ya farfaɗo sai murna ta ɗauke hankalin kowa. Sai bayan 'yan kwanaki aka lura hannunsa na hagu a sake yake, ba ya ɗaga shi.

Wannan jariri shi ne Wilhelm na Biyu, jikan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wanda ya mulki Jamus daga 1888 zuwa 1918. Gidan na da kuɗi da iko da manyan likitocin Turai, kuma duk an zuba su a kan hannun nan. Tun yana 'yan watanni ake yanka zomo, a cusa hannun cikin gawar tun da ɗuminta, wai ko ƙarfin dabbar zai ratsa shi. An jona masa lantarki. An ɗaure hannunsa na dama don a tilasta wa na hagu aiki. Da wuyansa ya karkace, aka ƙera masa wani ƙarfe mai miƙar da kai. Ya girma hannun ya gaza ɗan'uwansa tsawo da kusan santimita 15, shi ya sa a hotunansa za a gan shi ya ɗora shi a kan ƙotar takobi ko ya riƙe safar hannu don a saya gajartarsa.

A lokacin ciwon ba shi da ko suna. Sai a 1872 likitan Faransa Duchenne ya bayyana shi dalla-dalla a jikin jarirai, sannan a 1874 Wilhelm Erb na Jamus ya nuna daidai inda ɓarnar take a gefen wuya. Har yau da sunan Erb likitoci ke kiran wannan shanyewar hannu, a Balin ko a Kano.

Daga lakar da ke cikin ƙashin wuya, saiwoyin jijiya biyar ne ke fitowa a kowane ɓangare. Sukan haɗu, su rabu, su sake haɗuwa, sannan su bi ta hammata su sauka har yatsu. Na sama guda biyu su ke kula da kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, na ƙasa kuma su ke da tafin hannu da yatsu. Idan kan jariri ya fito amma kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin gaban uwa, aka ja kan zuwa gefe, saiwoyin saman nan su ke fara shan ja. Shi ya sa yawancin jariran ke iya damƙe yatsan wanda ya miƙa musu, alhali dantsen na kwance a jikin haƙarƙari, ya murɗe ciki, gwiwar hannu a miƙe, tafin yana kallon baya. Wannan damƙar tana yaudarar iyaye ƙwarai, sai su ce ai hannu lafiya lau, ƙiwa ce kawai.

Abin na samun kamar jariri 1 zuwa 3 a cikin kowace haihuwa 1,000. Ya fi yawa ga manyan jarirai masu nauyin sama da kilo 4, da waɗanda uwayensu ke da ciwon sukari, da masu zuwa ta baya. Amma ba kullum ne laifin wanda ya karɓi haihuwa ba, don ana samunsa a haihuwar da ta zo da sauƙi, har ma jefi-jefi a wadda aka yi wa uwa aiki. Ya kamata a faɗi wannan, saboda a gidaje da dama ungozoma ko malamar asibiti ake fara nuna wa yatsa.

Warkewa ta danganta ga irin ɓarnar. Jijiyar da ta miƙe kawai ba ta tsinke ba takan farfaɗo cikin makonni. Wadda zaren cikinta ya katse amma rigarta na nan, takan sake tsirowa a hankali, kamar milimita 1 a rana. Wadda ta tsinke gaba ɗaya ba ta haɗuwa da kyau sai an yi aiki. Mafi muni ita ce wadda ta tuge daga jikin laka, kuma wani lokaci ido ne ke tona ta: fatar idon ɓangaren ta ɗan sauko, ƙwayar ta ƙanƙance. Yawancin jarirai na warkewa da kansu, amma binciken da aka bi yara da kyau ya nuna kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na tashi da saura.

Wannan "yawanci na warkewa" shi ne ya fi cutar da sauran. Ana sallamar uwa da cewa ta yi haƙuri zai tashi, ita kuma ta yi haƙurin, har a yaye yaro.

Matsalar jira ita ce kafaɗa ba ta jira. Babu gaɓar da ta kai ta sakewa a jikin ɗan Adam: kan ƙashin dantse mulmulalle ne babba, gurbin da yake zaune a jikin allon kafaɗa kuwa ƙarami ne marar zurfi, bai rufe fiye da sulusin kan ba. Abin da ke riƙe da shi tsoka huɗu ne da suka kewaye gaɓar, ɗaya a gaba mai murɗa hannu ciki, biyu a baya masu murɗa shi waje, ɗaya a sama. Shi kansa allon ba a kafe yake ba, yawo yake a bayan haƙarƙari. Tun 1944 Verne Inman da abokan aikinsa a Amurka suka auna cewa in mutum ya ɗaga hannu sama cak, wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar daga gaɓar yake, ragowar kashi ɗaya kuwa allon ne ya juya. A jikin jariri kan ƙashin da gurbin guringuntsi ne mai taushi, kuma motsi ne ke ba su siffa. Idan tsokar baya ta mutu ta gaba na da rai, hannu zai zauna a murɗe dare da rana. Tsokar gaban ta gajarce, ta tura kan ƙashin baya, gurbin ya baje ya karkata. Ana ganin wannan gocewa tun yaro bai cika shekara ba, wani lokaci tun yana 'yan watanni. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta a wannan shekaru, tunda guringuntsi ba ya fitowa a ciki, sai dai sikanin irin wanda ake duba ciki da shi. Peter Waters na asibitin yara na Boston ya nuna a 1998 cewa lalacewar gurbin na ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar da hannu ya yi a murɗe.

Ma'ana, jijiya na iya farfaɗowa bayan wata takwas ta tarar gaɓar da za ta motsa ta riga ta ƙage.

Aikin likitan gashin ƙashi a watannin farko ke nan: ba shi ke tsirar da jijiya ba, babu mai iya wannan, shi dai yana tsare gaɓar ne kafin jijiyar ta iso. Kuma hannun da zai yi aikin na uwa ne. Ana kwantar da jariri rigingine, a manna gwiwar hannunsa a gefen jiki a lanƙwashe, a sa hannu ɗaya a danne allon kafaɗa don kada ya bi, sannan a buɗe hannun waje a hankali, tafin na kallon sama, a riƙe na ɗan lokaci. Danne allon nan shi ne asirin, don in ba a danne ba, allon ne zai zame, uwa ta ga hannu ya tafi ta ɗauka gaɓa ce ta buɗe. Akan so a yi wa hannu biyun tare, don mai lafiyar ya nuna iyakar da ake nema. Ana yi sau da yawa a rana, shi ya sa ake haɗa shi da abin da dole za a yi, kamar canza ƙunzugu ko shafa mai bayan wanka.

A ƙasar Hausa akwai abin da zai taimaka a nan, akwai kuma abin da zai ɓata. Kaka ko ungozomar da ke wa jariri wanka ta saba miƙe masa gaɓoɓi, ta harɗe hannuwansa a ƙirji, ta kai su baya. Hannun da ya saba da wannan ba sai an koya masa rashin tsoro ba. Sai dai harɗewa a ƙirji da kaiwa baya duk murɗawa ciki ne, wato inda ciwon ya riga ya ja hannun. Wanda ake nema shi ne buɗewa waje, kuma shi ne babu a cikin wankan gargajiya. Sai kuma goyo: cafko yaro ta dantse ɗaya a wurga shi baya, abin da kowace yarinya ta iya tun tana 'yar shekara bakwai, bai dace da wannan kafaɗa ba. A tallafo shi ta ƙirji da ɗuwawu. Masu ɗori kuwa, duk da gwanintarsu a karaya, ɗaure hannun da ba karaya gare shi ba na makonni ƙara masa ƙagewa yake. Gaskiya ne ƙashin da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa kan karye wajen haihuwa, jariri ya ƙi motsa hannu don zafi, amma wannan kan haɗe da kansa cikin makonni kaɗan. Rarrabe su aikin asibiti ne, haka ma gano ƙwayar cutar da kan shiga gaɓa ta hana motsi, wadda ita ba ta son a kwana.

Yaushe ake daina jira a yi aiki? A nan manyan likitoci ma sun saɓa. Alain Gilbert na Paris, wanda ya farfaɗo da ɗinkin jijiyar jarirai a wajejen 1980, ya ce idan jariri ya kai wata 3 tsokar gaban dantse ba ta fara lanƙwasa gwiwar hannu ba, a buɗe wuya. A asibitin yara na Toronto a Kanada, Howard Clarke da Christine Curtis sun fi son a bi yaro mataki-mataki, kuma gwajinsu na ƙarshe a wata 9 kowace uwa za ta iya fahimtarsa: a ba yaro biskit a hannun, a riƙe gwiwar a gefen jikinsa, a ga ko zai kai baki ba tare da ya sunkuyar da kai sosai ba. In aikin ya kama, akan ciro wata siririyar jijiya daga sha-raɓar yaron a yi gada da ita, ko a karkato wata jijiya mai rai zuwa ga wadda ta mutu. Gaggawar na da dalili, don tsokar da ta shekara ɗaya da rabi zuwa biyu babu saƙon jijiya ba ta cika dawowa ba.

Ga yaran da suka tasa, ma'aunin da aka fi amfani da shi na likitan Faransa Mallet ne, na 1972. Abu biyar ake cewa yaro ya yi: ya ɗaga hannu ta gefe, ya buɗe shi waje, ya taɓa ƙeya, ya kai shi gadon baya, ya kai baki. Wanda kafaɗarsa ta ƙage, in zai kai loma baki sai ya ɗaga gwiwar hannu sama a gefe kamar mai busa algaita. Duk wanda ya taɓa ganin yaro na cin tuwo a haka ya ga ciwon, ko bai san sunansa ba.

Akwai kuma wasu yaran da jijiyoyin wuyansu lafiya lau, amma kafaɗar a murɗe take kusan iri ɗaya. Su ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, ta faru a ciki ko wajen haihuwa ko a farkon ƙuruciya. Likitan Ingila William Little ne ya danganta wannan shanyewa da wahalar haihuwa tun wajejen 1861. A ƙasashe masu arziki tana samun kamar yaro 2 cikin 1,000, ko ƙasa da haka a yanzu. Wani binciken gida-gida a gabashin Yuganda da aka wallafa a 2017 ya sami kusan 3 cikin 1,000. A asibitocin Najeriya dalilan da ke maimaita kansu sanannu ne: doguwar naƙuda da jaririn da bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa wajen 16. Ita shawarar ma har da kafur ɗin da ake jefawa cikin kayan jariri na iya tayar da ita ga masu wani rauni na gado a jini, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma.

Bambancin ciwon biyu na da muhimmanci. Hannun mai ciwon jijiya a sake yake tun ranar haihuwa. Na mai raunin ƙwaƙwalwa kuwa da farko ba a ganin komai, sai wajen wata 4 zuwa 6, lokacin da yara ke fara kai hannu ga abu, a ga shi kullum hannu ɗaya yake miƙawa, ɗayan a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi. Nan ne ake dariya a ce an haifi bahago. Jariri ba ya zaɓar hannu kafin ya shekara, kuma wanda ya zaɓa da wuri, likita ya kamata ya gani. A wurin da ake ci da dama, a gaisa da dama, a karɓa da dama, yaron da damansa ya shanye na shan faɗa a kan abin da ba rashin tarbiyya ba ne.

Shekaru da dama hanyar da ta mamaye duniya ita ce ta Berta da Karel Bobath, mata da miji da suka baro Jamus suka zauna a Landan, suka fara koyar da ita a shekarun 1940. Ƙwararre ne ke riƙe yaro ta kafaɗa da ƙugu, ya sassauta ƙagewar, ya bi da jikin ta hanyar da ta dace. Da yawa daga masu gashin ƙashi na Afirka a kan wannan aka horar da su. A 2013 Iona Novak da tawagarta a Ostireliya suka tattara binciken da aka yi a kan hanyoyin magani 64, suka raba su da launin fitilar kan titi. Hanyar Bobath ta faɗa ja, abin da ya tayar da ƙura har yau ba ta kwanta ba. Miƙe gaɓa da hannu shi kaɗai ma hujjarsa ta yi rauni. Hanyoyin koyar da motsi da suka sami kore abu ɗaya ya haɗa su: yaron ne da kansa ke yin motsin, don cim ma wani abin da yake so, kuma sau da yawa ƙwarai.

Ɗaya daga cikinsu zai ba likitocin fadar Balin dariya, don ɗaure hannu mai lafiya ne. Edward Taub, masanin halayya a Amurka, ya lura a gwajin birai (gwajin da ya jawo masa shari'a da masu kare dabbobi a 1981) cewa dabbar da ta gwada hannu ya ƙi, takan koyi daina gwadawa, ko da akwai sauran ƙarfi a cikinsa. In aka hana ta mai lafiyar, sai ta koma wa wancan. A 2004 ya wallafa gwajin yara: awa 6 kullum har kwana 21. Abin da ya raba wannan da azabar da aka yi wa ɗan sarki shi ne ba ɗaurin ke magani ba. Ɗaurin buɗe ƙofa kawai yake, maganin shi ne wasan da aka tsara daidai ƙarfin yaro, a ƙara masa wuya kaɗan-kaɗan, kuma ana yinsa ne ga hannun da ke da sauran motsi. A Jami'ar Columbia ta New York, Andrew Gordon da Jeanne Charles suka fito da kishiyarta wajen 2006: ba a ɗaure komai, sai a ba yaro aikin da ba ya yiwuwa sai da hannu biyu, awa 60 zuwa 90 cikin mako biyu ko uku. Sakamakon hanyoyin biyu ya zo kusan ɗaya, abin da ya sa mutane da yawa suka yarda yawan awannin ne ke aiki.

Lissafin kuwa ba ya yi wa asibiti daɗi. Yaron da ake kaiwa sau ɗaya a mako a yi masa rabin awa, sai ya shekara biyu da 'yan watanni kafin ya tara awa 60, in ba a taɓa fashi ba. Ga kuɗin mota, ga layi, ga sauran yara a gida. Kano na da Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Jami'ar Bayero na yaye masu gashin ƙashi, Zariya da Sakkwato da Maiduguri ma na da sassansu. Amma uwar da ke ƙauyen da ya yi nisa da waɗannan ba za ta iya sintiri ba, kuma sau da yawa in ta zo, na'ura take sa ran gani, fitila mai zafi ko lantarki. In aka ce wasa za a koya mata, sai ta ga kamar an raina tafiyarta. A Suwidin, Ann-Christin Eliasson ta Cibiyar Karolinska ta gwada ba iyaye aikin kacokan: jarirai 'yan wata 3 zuwa 8, a sa wa hannu mai lafiya safa ko makamancinta, rabin awa kullum a gida, ƙwararre na leƙowa sau ɗaya a mako. Aikin hannun ya ƙaru fiye da na jariran da aka yi wa tausa kawai.

Kayan aikin ba sa bukatar kanti. Murfin tukunya da ludayi na sa a riƙe da ɗaya a buga da ɗaya. Ƙwallon da ya fi ƙarfin hannu guda, tafa-tafa, yage takarda, ɗaukar ƙwarya da hannu biyu, sa hula da cire ta, shafa bango da jiƙaƙƙen tsumma sama da tsayin kai, duk kafaɗa suke nema. Inda aka ajiye abin wasan shi ke yanke irin motsin: a gefe da ɗan baya yana tilasta buɗewa waje, a sama yana tilasta ɗagawa. Kafin duk wannan sai zama ya daidaita, don yaron da gangar jikinsa ke rangaji ba zai saki hannu ya kai ga abu ba, da shi yake tokare. Kusurwar ɗaki da matasai biyu, ko baho da aka cusa wa tsummoki, kan wadatar. A Zimbabuwe ma an daɗe ana ƙera wa irin waɗannan yara kujeru da kwali da takarda da ƙullun fulawa.

Yaran da shawara ta taɓa nasu daban ne. Kafaɗarsu ba a ƙage take ba, motsi ne ya yi mata yawa, hannu na wurgi ba da izininsu ba, kuma da yawansu ba sa ji sosai. Su ba miƙewa suke bukata ba, tokara suke bukata: gwiwar hannu a kan teburi, abu mai ɗan nauyi, a kuma duba kunnensu tun da wuri.

Wanda ya makara ma ba a rufe masa ƙofa ba. Allurar botoks na sassauta tsokar da ta yi ƙarfi na wata 3 zuwa 4, ta ba da sararin yin atisaye, amma ita kaɗai ba ta koya wa hannu komai. Ga mai ciwon jijiya ɗan shekara biyu zuwa sama da gurbinsa bai gama lalacewa ba, likitan ƙashi kan saki tsokar gaba, ya ciro bakin wasu manyan tsoka biyu na bayan hammata ya dasa su inda za su riƙa buɗe hannu waje maimakon murɗa shi ciki. In gurbin ya riga ya baje, sai a yanke ƙashin dantse a juya shi, don tafin hannu ya fuskanci baki. Bayan dashen tsoka yaro kan yi wajen mako 6 cikin filasta daga ƙirji har hannu, in an cire kuma a shiga watannin koya wa tsokar sabon aikinta, a gida, da ludayi da murfin tukunya.